Kito da tsibiran Galapagos: a kwana a jirgin ruwa ko a kama otal?

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, cewa ke da Alhaji kuna da kwana 12 a ƙasar Ekwado, kuna son ganin tsohon birnin Kito da dabbobin tsibiran Galapagos, amma kin rasa na zaɓa tsakanin kwana a jirgin ruwa da kama otal a tsibiri ɗaya ana fita da ku kullum. Na jinkirta ne don in samu natsuwa, amsar ba ta layi biyu ba ce. Ni da maigidana mun yi wannan tafiya a watan Mayun bara, kwana 3 a Kito, kwana 8 a jirgi.

A taƙaice, ku hau jirgi. Amma kafin ki tambayi sunan jirgin ko girman ɗakinsa, ki fara tambayar tsibiran da zai tsaya da kuma watan da za ku je. Nan muka yi kuskure mu.

Bari in fara da Kito, tunda can za ku sauka. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,850 daga matakin teku, kuma jiki yana jin hakan tun a filin jirgi. Ni da nake ganin ina da ƙarfi, hawa matakala goma sha kawai na yi a masaukinmu na tsaya ina haki kamar wadda ta yi tsere. Ranar farko kada ku shirya komai. Ku sha ruwa da yawa, ku ci abinci mara nauyi, ku kwanta da wuri. Idan Alhaji yana da hawan jini ko matsalar zuciya, ya ga likitansa tun daga gida. Akwai motar igiya da ke ɗaukar mutane zuwa gefen dutsen Pichincha, kusan mita 4,000, ku bar ta sai rana ta uku, in ma za ku hau.

Mutane da yawa suna ɗaukar Kito a matsayin zango kawai, su kwana ɗaya su wuce. Hasara ce. Turawan Sifaniya suka kafa birnin a 1534 a kan tsohon mazaunin mutanen ƙasar, kuma tsohon garin yana nan yadda suka tsara shi, tituna ƙanana masu hawa da gangara, gidaje masu tsakar gida da baranda. A 1978 da UNESCO ta fara fitar da jerin wuraren tarihi na duniya, Kito da Galapagos duk suna cikin rukunin farko. Mun zauna a dandalin Plaza Grande, gaban fadar shugaban ƙasa, muna kallon tsofaffi suna hira da masu goge takalma suna yawo. Daga nan da ƙafa ake zuwa ko'ina.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne majami'ar La Compañía. Shekara 160 aka yi ana gina ta, daga 1605 zuwa 1765, kuma cikinta an shafe shi da ganyen zinariya tun daga ginshiƙai har sama. Zinariyar kowa yake magana a kai, amma ni zanen na tsaya kallo. Layuka ne masu sarƙa da juna, taurari a cikin taurari, irin wanda ido ya saba gani a masallatai. Da na tambayi mai yi mana jagora, sai ya ce salon Musulman Andalus ne. Daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, wato Garnada, ta faɗi a 1492, shekara 42 kacal kafin a kafa Kito, don haka maginan da suka tsallako teku da wannan hannun suka zo. A majami'ar San Francisco ma akwai rufin katako mai irin wannan saƙa. Na daɗe a tsaye ina ɗaga kai har wuyana ya gaji. Su waye suka yi ɗaukar duwatsun da sassaƙar? Yawanci 'yan asalin ƙasar ne, kuma ba duka da son ransu ba. Jagoranmu bai ɓoye wannan ba, na kuwa ji daɗin hakan.

Akwai wata babbar majami'a, Basílica, wadda aka yi wa ado a waje da siffofin kunkuru da damo da tsuntsayen ƙasar. Ku leƙa, kamar share fage ne ga abin da za ku gani a tsibirai. Tudun El Panecillo kuwa, inda ake hango garin duka, ku hau da tasi ku sauko da tasi, kada a bi da ƙafa. Haka ma da dare, ku rage yawo da waya a hannu. Wurin da ake kira tsakiyar duniya, Mitad del Mundo, mun je don hoto. Hasumiyar da aka gina a wurin ma ba ta kan ainihin layin da ya raba duniya biyu, ta kauce da mita ɗari biyu da wani abu. In lokaci ya ƙure, shi za ku fara yafewa.

Maganar abinci a Kito tana son kulawa, domin naman alade ya cika kasuwa, kuma wasu suna suya da kitsensa. Kalmomin da za ki riƙe su ne cerdo da chancho, duk alade ke nan, sai manteca, wato kitse. Hornado da fritada duk alade ne, komai ƙanshinsu. Mu mun zauna a kan miyar dankali da cuku da ake kira locro, da miyar kifi mai albasa da rogo, encebollado, wadda ta ɗan tuna min da farfesu. Akwai wani abin sha mai zafi na kirfa, canelazo, da ake zuba wa giya, sai kin ce a ba ki mara giya. Akwai masallaci a Kito, maigidana ya samu Juma'a a can.

Yanzu tsibirai. Suna da nisan kusan kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar, jirgin sama yakan bi ta birnin Guayaquil ya sauka a tsibirin Baltra ko na San Cristóbal. Kafin ku tashi za a duba kayanku don kada ku shiga da iri ko ɗanyen abinci, to kilishi da dabino da goro a bar su. Akwai katin shiga na dala 20, sannan kuɗin gandun dajin, wanda aka ɗaga daga dala 100 zuwa 200 ga baƙo babba a watan Agustan 2024. Ku riƙe tsabar kuɗi. Dalar Amurka ce kuɗin ƙasar tun shekarar 2000, kuma ƙananan takardu sun fi amfani, don 'yan kasuwa ba sa son ta ɗari.

Ga dalilin da ya sa na ce hanya ake saya. Kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran gandun daji ne tun 1959, kuma hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi inda zai tsaya. Jirgi ba ya maimaita wuri sai ya zagaya mako biyu, saboda haka mako ɗaya ya yi yamma, mako ɗaya ya yi gabas ko kudu. Wanda ya sayi kwana 8 rabin zagayen ya saya. Ni abin da ya ja ni shi ne albatros, wani babban tsuntsun teku da ke sauka a tsibirin Española daga Afrilu zuwa Disamba don yin ƙwai. Wanda ya sayar mana da tikitin ya ce ai za mu gani, ni kuma ban nemi jerin tsibiran a rubuce ba. Sai da muka shiga jirgi na ga allon tafiya, ashe makon yamma ne, Española ba ta ciki. Na yi fushi na yini guda. Daga baya na ji cewa ana zuwa Española a yini ɗaya daga San Cristóbal, da na sani da mun ƙara kwana.

Amma yammar ta biya ni. Tsibiran duk aman wutar ƙarƙashin teku ne ya haife su, kuma ɓawon ƙasar yana matsawa gabas a hankali, shi ya sa na gabas suka tsufa suka lafa, na yamma kuma har yanzu suna da rai. Isabela, mafi girma, duwatsu 6 ne masu aman wuta suka haɗe. Fernandina, autarsu, ta yi aman wuta a Maris na 2024. Da muka sauka a gaɓarta, a Punta Espinoza, na ɗauka baƙin dutse nake takawa, sai jagora ya ce in dubi ƙafata. Damon teku ne ɗaruruwa, baƙaƙe ƙirin, sun hau kan juna suna shan rana. Shi kaɗai ne ƙadangare a duniya da ke nutso cikin teku ya ci gansakuka, in ya fito ya riƙa atishawa yana fitar da gishiri ta hanci. Mu da muke cewa damo sarkin haƙuri, sai kin ga waɗannan, ko motsi ba sa yi don kin zo. A nan ne kuma ake ganin wani tsuntsun ruwa da fukafukansa suka ƙanƙance har ya daina tashi, yana shanya su a rana kamar tsumma. Ruwan wannan gefen yana da sanyi saboda wata igiyar ruwa da ke tasowa daga ƙasan teku, shi ya sa har fengwin, tsuntsun nan mai son sanyi, ke rayuwa a kan layin tsakiyar duniya. Fernandina da Genovesa mai kwana a otal ba ya kai musu, sun yi nisa.

Mai otal kuma yana shan wahalar da ba a faɗa masa. Ƙananan jiragen gudu da ke tsakanin Santa Cruz da Isabela ko San Cristóbal awa 2 suke yi suna dukan ruwa. Babban jirgi da dare yake tafiya kuna barci, gari na wayewa kun iso, kun sauka kafin rana ta yi zafi. In kuɗi ne matsalar, otal ba laifi ba ne, za ki ga kunkuru da zakin teku da tsuntsu mai shuɗin ƙafa. Amma tunda kin ce tafiyar sau ɗaya ce a rayuwa, ni dai jirgi na zaɓa miki.

Jirginmu mai mutum 16 ne, daidai adadin da doka ta yarda jagora ɗaya ya riƙe. Mafi girma ba ya wuce mutum 100. Ƙarami ya fi daɗin zama da mutane, babba ya fi kwanciya a kan ruwa. In kina da jiri, ki nemi jirgi mai gindi biyu da ake kira catamaran, ko ɗakin da ke ƙasa a tsakiya, ki tafi da magani. Daga Disamba zuwa Mayu akwai zafi da ɗan ruwan sama amma teku a kwance yake, daga Yuni zuwa Nuwamba kuwa sanyi da hazo da igiyar ruwa. Ana sauka sau biyu a rana da ƙaramin kwalekwale da suke kira panga. Wani wuri kan dutse za ki taka, wani wuri cikin ruwa har gwiwa. Doguwar riga ta ba ni wahala ranar farko, daga nan na koma wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ɗankwali mai kama kai. Don ninƙaya ana ba da rigar roba mai rufe jiki, na ɗora riga a kai na sa hular ruwa, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Ban iya ruwa sosai ba, da rigar iska na shiga, ɗan zakin teku ya zo yana zagaya ni yana leƙen gilashin idona. Ko kina tsoro ki gwada sau ɗaya.

Dokar ita ce a bar mita 2 tsakaninki da kowace dabba, ba taɓawa, ba ciyarwa, ba hasken kyamara, ba ɗaukar ko tsakuwa. Dabbobin ne ba su san dokar ba. Rashin tsoronsu ya samo asali ne daga zaman da suka yi ba tare da manyan maharan ƙasa ba, kuma shi ya jawo musu bala'i da mutum ya zo. Masu farautar kifin whale sun riƙa kwasar kunkuru suna jibgewa a cikin jiragensu, don yana yin watanni da rai ba ci ba sha. Awakin da aka sako kuma suka cinye ciyawar, har sai da aka kashe sama da 100,000 a wani shiri da aka kammala a 2006. Maigidana da ya ji wannan adadin sai ya yi shiru, ya ce ina ma Sallah ce. A Santa Cruz mun ga gawar Lonesome George da aka adana, kunkuru na ƙarshe daga tsibirin Pinta, wanda ya mutu a 2012. A tudun tsibirin kuma manyan kunkurai suna kiwo a gonaki cikin shanu, wasu sun fi kilo 200. Za ki sha jin sunan Darwin, Baturen Ingila masanin halittu, wanda mako 5 kawai ya yi a can a 1835. Ba sai kin yarda da duk fassararsa ba kafin ki lura cewa ƙoƙon bayan kunkurun tsibiri mai ciyawa a dunƙule yake, na busasshen tsibiri kuma ya ɗage ta gaba kamar sirdi don wuya ya kai ga ganyen sama.

Salla a jirgi ba ta ba mu wahala ba. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, alƙibla arewa maso gabas, muna duba ta idan jirgi ya tsaya, kuma kasaru muke yi. Intanet tana yankewa, ki sauke lokutan salla tun a gari. Abinci kuwa mun rubuta musu tun kafin mu zo cewa kifi da ganye kawai, mai dafa abincin ya kiyaye har ƙarshe. Ku ware abin hasafi na jagora da ma'aikata, al'adar wurin ce a ranar ƙarshe.

Sai batun takardu, wanda ya kamata ku fara da shi. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza ta Ekwado. In kuma za ku canja jirgi a Amsterdam ko Madrid, akwai bizar wucewa ta filin jirgi da ƙasashen Turai suke nema daga 'yan Najeriya da Ghana, sai dai wanda yake riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa wannan. Kada ku biya kuɗin jirgin ruwa duka sai kun san sharaɗin mayarwa idan biza ta makara.

Da ni ce da kwana 12 ɗinku, kwana 3 a Kito, kwana 8 a jirgin makon yamma, sai kwana ɗaya na rara a ƙarshe kafin jirgin gida. In kuma albatros ko rairayin Española ne a ranki, ki nemi makon kudu maso gabas. Ko wanne ne, su turo miki sunan kowane tsibiri da ranar da za a sauka, a rubuce. In kin samu ki turo nan in duba miki. A gaida Alhaji.