Tambaya da Amsa: Zuƙo jadawali a manhajar da aka gina da Qt

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhaja da Python da PyQt (hanyar amfani da Qt, kayan gina fuskar manhaja, a cikin Python), jadawalina QTableWidget ne. Ina so idan mutum ya danne Ctrl ya murza tayar linzamin kwamfuta (mouse), jadawalin ya girma ko ya ƙanƙance kamar a Excel. Na nemi umarnin ban samu ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wannan umarni, ko a QTableWidget ko a QTableView, kai ne za ka gina shi. Abubuwa huɗu ne ke ba jadawali girmansa: rubutu, tsayin layuka, faɗin ginshiƙai, da ƙananan hotunan cikin gidaje, wato akwatunan da layi da ginshiƙi ke haɗuwa. Dole su tashi tare su sauka tare.

Tun da farko ka adana girman asali na kowannensu, ka ware adadi guda na zuƙowa wanda zai fara daga 1.0. Sai ka gaji ajin jadawalin, wato ka gina sabon aji a kansa, ka sake rubuta wheelEvent, aikin da ake kira duk lokacin da aka murza taya. Idan ba a danne Ctrl ba, ka miƙa wa ajin uwa, wanda ka gada, ya yi gungurawarsa. Idan an danne, ka karanta angleDelta().y(). Taku ɗaya na tayar linzami yakan ba da 120, amma faifan shafa na laftof yana aiko da ƙananan adadi a jere, don haka ka riƙa tara su, sai sun cika 120 ka ninka adadin zuƙowa da 1.1 ko ka raba shi da 1.1. Ka sa masa iyaka. Excel yana tafiya daga kashi 10 zuwa kashi 400, amma 0.5 zuwa 3.0 ya wadatar da yawancin manhajoji.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ninka girman da ake kai yanzu maimakon na asali. Ginshiƙi mai fiksel 25 idan ka ninka da 1.1 ya zama 27.5, a yanke shi zuwa 27. Ka raba da 1.1 don komawa baya, sai ka faɗa kan 24. Fiksel ɗaya ya salwanta ke nan, kuma haka zai yi ta zaizayewa. Rubutu ma haka: maki 9 sau 1.1 ya ba da 9.9, idan int ya yanke shi ya koma 9, ka yi ta murzawa ba abin da ke motsi. Shi ya sa za ka yi amfani da setPointSizeF mai karɓar gutsure, kuma kullum lissafinka ya zama girman asali sau adadin zuƙowa.

Tsayin layuka ka saita shi da setDefaultSectionSize na verticalHeader, amma ka fara rage setMinimumSectionSize, in ba haka ba layukan za su ƙi sauka ƙasa da iyakarsu. Ginshiƙai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da setColumnWidth, hotuna kuma da setIconSize. Don kada mai aiki ya ɓace a tsakiyar bayanansa, ka riƙe gidan da ke saman fili da indexAt kafin ka canza komai, ka koma masa da scrollTo bayan ka gama.

Idan wasu gidaje suka ƙi canzawa, duba ko an ba su rubutunsu na kansu da setFont, ko kuma akwai font-size a cikin setStyleSheet, domin shi ke rinjaye. Akwatin tik kuwa ba ya bin rubutu, salon manhajar ne ke yanke girmansa.

Tambaya daga wata mai karatu: Na ga wasu suna saka jadawalin cikin QGraphicsView, tagar nuna zane ta Qt, su kira scale. Ba wannan ya fi sauƙi ba?

Amsa: Ya fi sauƙin rubutawa, 'yar'uwa, kuma yana ɗaga komai a lokaci guda, har da akwatin tik. Ki ba addWidget na QGraphicsScene jadawalin da ba shi da uwa, wato ba a cikin wata taga yake ba, ki sa AnchorUnderMouse don zuƙowar ta bi linzami. Ki tuna scale yana tarawa ne kan na baya, ki kira resetTransform kafinsa. Sai dai sandunan gungurawa za su zama kashi biyu, layin sunayen ginshiƙai yana iya shigewa ya bar fili, zanen kuma ya yi nauyi. Ya dace da ƙaramin jadawali na kallo. Wanda ake shigar da bayanai cikinsa duk yini, hanyar farko muke ba ki shawara.

Tambaya: Jadawalina yana da layuka dubbai, duk zuƙowa sai ya daskare. Sannan a kan sabon allo komai ya yi ƙanana tun ban taɓa shi ba.

Amsa: Matsaloli biyu ne daban. Daskarewar galibi daga ResizeToContents take, saitin da ke daidaita girma da abin da ke cikin gida, domin Qt yana auna rubutun gidaje kafin ya yanke girma. A faɗin ginshiƙi yakan duba layuka har 1000, za ka iya rage su da setResizeContentsPrecision. Abin da ya fi shi ne ka sa layuka a kan Fixed, ka ɗauki tsayi daga height na QFontMetrics, ka ƙara fiksel kaɗan na sarari.

Ta biyun ta yawan fiksel ɗin allo ce, kada ka magance ta da adadin zuƙowa. Qt 6, wanda ya fito a Disambar 2020, yana daidaita wannan da kansa. A Qt 5, daga 5.6 zuwa sama, sai ka kunna AA_EnableHighDpiScaling kafin a ƙirƙiri QApplication, bayansa ba ya aiki. Qt 5 yana mayar da saitin girman allo na kashi 150 a Windows zuwa 200, don haka daga 5.14 ka zaɓi PassThrough a setHighDpiScaleFactorRoundingPolicy. Don gwaji ba tare da canza allo ba, ka sa QT_SCALE_FACTOR a kan 1.5 ka sake buɗe manhajar.