Tambaya da Amsa: Me ya sa marubuci ke gutsure karin magana?

Wata ɗaliba daga Tudun Wada a nan Kaduna ta aiko da tambaya. Ta ce tana karanta wani littafin ƙagaggen labari, sai uwar miji ta dubi amarya ta ce, "To, kowa ya ɗebo da zafi…" ta yi shiru. Shin marubuciyar ce ta manta ƙarashen, ko kuskuren ɗab'i ne?

'Yata, babu kuskure a nan. Cikakken karin maganar shi ne "kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Mu fara da kalmar kanta: kari ce, da k, ba ƙari ba. Kari irin na tufa, inda aka naɗe aka bi da guga. Magana ce aka ninke, sai mai hankali ya warware. Marubuciyar ta ƙara ninki ɗaya ne kawai.

Duba abin da ya biyo baya. Da tsohuwar ta faɗa duka, da zancen ya zama nasiha, irin wadda kaka ke yi wa jika. Da ta tsaya a tsakiya, sai amarya ta ƙarasa da kanta a zuci, ke ma mai karatu kika ƙarasa tare da ita. Ta haka gargaɗin ya koma barazana, alhali bakin tsohuwar bai furta komai mai muni ba. In aka kai ƙara gaban maigida, za ta ce, "Ni me na ce?" Wannan shi ne habaici: a yi magana da mutum ba tare da an kama sunansa ba. Karin magana ɗaya yana iya zama nasiha, lallashi ko habaici, gwargwadon mai faɗa, wanda ake faɗa wa, da waɗanda ke tsakar gida a lokacin.

Abin da ke damuna da wasu sababbin marubutanmu shi ne jera karin magana biyar a shafi guda, a bakin yarinya 'yar shekara 16, don a ce sun iya Hausa. Tun gasar 1933 da aka shirya a Zariya, wadda ta haifar da ƙagaggun labaranmu na farko a boko, masu alƙalami nagari suna lura da bakin da ya dace da kowace magana.

Wani malamin makaranta daga Kawo kuma ya tambayi bambancin kamance da siffantawa. Malam, "Hajiya kamar zakanya take" kamance ne, akwai "kamar" da ke sassauta zancen, mai labari yana kallo daga nesa. "Hajiya zakanya ce" siffantawa ce, an yanke hukunci. In marubuci ya sa ta farko a babin farko, ya ajiye ta biyu sai ranar da aka taɓa 'ya'yanta, mai karatu zai ji sauyin a jikinsa ko da bai san sunan dabarar ba.