Amsa ga mai tambaya kan kawo katana teburin wasa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce 'yan teburinka, a wasan nan da ake zama a tebur kowa ya taka rawar wani a cikin labari, ba su da aiki a labarin sai zare takobi, ko ɗan dako ne ya harare su, kuma yanzu ɗayansu yana so ya zo da katanar da ya saya, wato dogon takobin Japan, don wasan ya ƙara armashi. Don Allah kada ka yarda. Ni na taɓa yarda, har yau tabon yana nan a hannun ƙanina.

Shekara biyu ina jan wasan samurai, mayaƙan Japan na da, a falon gidanmu duk daren Asabar, mu shida. Sai wani cikinmu ya sayo katana ta intanet, irin ta adon bango mai sheƙi, ya yi ta roƙona har na ce ya kawo amma ta zauna cikin kube. Ya rantse. Da muka kai inda samurai ɗinsa zai kara da wani ronin, wato samurai marar ubangida, a kan gada, maimakon ya jefa dayis sai ya miƙe, ya zare ta, ya kai sara a iska. Ƙarfen ya fice fit daga ƙota. Ƙanina, wanda ranar ce ma ta uku da zuwansa, ya tare fuskarsa da hannu. Jini a kan takardu, jini a kan taswirar da na kwana ina zanawa, ga mahaifiyarmu ta fito tana salati. Ƙarfe ɗayan dare muna asibiti ana ɗinki, likita ya ce saura ƙiris jijiya ta tsinke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai takobin. Muna ɗaure hannun yaro da rawani, shi yana tsugune yana duba ko ƙarfensa ya lanƙwashe. Da na yi magana cewa ya yi ai tsautsayi ne. Bai biyo mu asibiti ba, bai zo dubiya ba, ko sannu ta waya bai yi ba. Bayan mako biyu sai ga saƙonsa, wai yaushe za a ci gaba da wasa, kuma a ajiye masa kubensa. Mutumin da muka ci abinci kwano ɗaya shekara da shekaru! Mahaifiyarmu ta hana wasan a gida, mutum biyu suka janye, labarin da na gina ya mutu a kan gadar nan.

Daga baya na kwance ƙotar na gani da idona. Wutsiyar ƙarfen siririya ce kamar fensir, walda kawai aka yi mata, a nan ta karye. Katana ta gaske wutsiyarta mai faɗi ce, ta shige can cikin ƙota, an kafe ta da 'yar ƙusar gora da suke kira mekugi, kuma masu koyon iaido, wato fasahar zare takobi, sai sun duba ƙusar nan kafin su fara atisaye. Su ɗin ma yawanci da iaito suke farawa, takobin atisaye wanda ba shi da kaifi. In mutuminka ya nace sai ya riƙe wani abu, ya nemi bokken, takobin katako, shi ma a jingine shi a bango.

Batun yawan zare takobi a cikin labari kuwa, laifinmu ne masu jan wasa, domin ba ma sa abin ya yi tsada. A 1701 Asano Naganori, uban ƙasar Ako a Japan, ya zare gajeren takobinsa a cikin fadar Edo, Tokyo ta yanzu, ya sari wani babban jami'in fada mai suna Kira Yoshinaka. Bai ma kashe shi ba. A ranar aka umarce shi ya yi seppuku, wato ya kashe kansa ta hanyar farke cikinsa, aka ƙwace ƙasarsa, mutanensa suka wayi gari ronin, kuma daga cikinsu ne ronin 47 ɗin nan da suka yi suna wajen ɗaukar masa fansa suka fito. Ka ba 'yan wasanka wannan labari kafin zama na gaba. Ko damar da samurai ke da ita ta sare talakan da ya ci zarafinsa, sai ya kai rahoto wurin hukuma ya kawo shaida, in babu shi ma ya shiga uku. To duk wanda ya zare a teburinka, washegari jami'in hukuma ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ubangidansa ya kira shi.

Ka kuma ba su abin yi da takobin yana cikin kube, nan daɗin yake wallahi. In samurai ya shiga gidan mutane yakan bar dogon, ya shiga da gajeren, wato wakizashi, kaɗai. In ya zauna ya ajiye katana a damansa, lafiya ta kawo shi, don ba ta zaruwa da sauri daga nan. In a hagu ya ajiye, kowa ya shiga taitayinsa. Ni yanzu tambayar da nake fara yi ke nan: a ina ka ajiye? Akwai kuma tura tsuba, faifan da ke kare hannu tsakanin ƙota da ƙarfe, da babban yatsa har bakin kube ya saki. Ranar da na siffanta wannan a sabon teburinmu, falon tsit ya yi, ba a jefa dayis ko ɗaya ba. Kuma ka gyara musu, katana kaifinta sama yake kallo a ɗamara, tachi, wani dogon takobin da ya girme ta, ita ce ake ratayawa kaifi ƙasa.

Af, in katana ta ƙarfen gaske ce mutuminka ya saya, ka gaya masa ya daina taɓa ta da yatsa, gumi tsatsa yake jawowa. Ya goge, ya shafa mata man choji, wato man shafa takobi, kaɗan, ya kulle ta inda yara ba sa kai wa.

Ka kira shi tun kafin Asabar ka faɗa masa kai tsaye, kada ka bari sai ya iso ƙofa da ita a hannu, domin a lokacin kunya za ta kama ka kamar yadda ta kama ni. Ƙanina ya warke, alhamdu lillahi, sai dai ɗan yatsansa ba ya lanƙwasuwa sosai, kuma bai sake zama a teburina ba.