Tambayi Likitan Dabbobi: Tabon tsatsa a ƙarƙashin idon kare

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da wani ɗan farin kare mai yawan gashi, irin wanda ake kira Lasa, shekararsa 2. Tun shigowar hunturu idonsa ke zubar da hawaye, har gashin wurin ya rine ya koma kamar tsatsa, kuma yana ɗan wari. Nakan fesa masa turare don warin ya ragu, amma da ya hango kwalbar sai ya ruga ƙarƙashin mota yana atishawa. Haka yake yi in na sa turaren wuta a falo. Maƙwabciyata mai kiwon kaji ta ce in riƙa zuba masa tailosin a ruwan sha, wai yana goge tabon. In yi? *Maman 'yan biyu, Jos*

Amsa: Maman 'yan biyu, ki fara ajiye kwalbar turaren nan tukuna, sannan mu yi magana.

A hancin ɗan Adam akwai ƙwayoyin jin ƙamshi kamar miliyan 6. A na kare kuwa suna kaiwa daga miliyan 100 zuwa 300, gwargwadon irinsa. Shi ya sa karen farauta ke bin sawun zomon da ya wuce tun asuba. To ki auna: feshin da ke kanki sai kin ɗan kau da kai in ya yi yawa, shi kike tunkarar fuskarsa da shi. Gudun da yake yi ba rashin kunya ba ne, azaba yake sha. Kuma sinadarin turaren da hayaƙin kasko suna yi wa ido yaji, hawaye su ƙaru, gashin ya daɗe a jiƙe, warin ya dawo, ke kuma ki sake fesawa. Kin ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban ce ki daina turara ɗakinki ba, na san ba za ki ji ba ma. Ki dai fitar da shi tsakar gida kafin ki ɗora garwashi, sai hayaƙin ya lafa ya shigo. Haka ma in za a kunna maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya.

Shi tabon kansa ba datti ba ne, ba kuma jini ba. A cikin hawaye da yawun kare akwai wani sinadari mai suna fofirin, wanda ke samuwa idan jiki ya narkar da tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini. Yana ɗauke da ƙarfe, shi ya sa in ya zauna a kan gashi rana ta buge shi sai ya yi launin tsatsa. Baƙin kare ma yana da shi, ba a dai gani ne. Warin kuma daga laima yake: fatar da ba ta bushewa takan tara ƙwayoyin cuta irin na yis.

Saboda haka abin tambaya shi ne me ya sa hawayen ke malalowa a fuska. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai wata siririyar hanya da hawaye ke bi su sauka cikin hanci. Karnuka masu gajeren baki da manyan idanu, irin su Lasa da Shizu, tasu hanyar a matse take ko a karkace, sai ruwan ya ambaliya. Ki ƙara da ƙurar hunturu, da dogon gashin da ke saman hanci yana tsokanar ƙwayar ido dare da rana. Wasu kuma fatar idonsu ce ke naɗewa ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar. Wannan sai an yi ɗan aiki a asibiti. Mukan ɗiga wani ruwa mai kala a idon, mu jira 'yan mintuna. In kore ya ɓullo ta hanci, hanya a buɗe take. Ruwan nan kuma shi ke nuna mana ko akwai ƙujewa a ƙwayar idon.

Batun tailosin, a'a. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba sabulu ba. A shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke cusa shi cikin kayan goge tabon hawaye, domin ba a amince da shi don wannan aiki ba. Shan sa kullum saboda kwalliya yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da karen ya kwanta da gaske a rasa abin ba shi. Ki gaida maƙwabciyar taki, ta bar wa kajinta.

Abin da za ki yi mai sauƙi ne, sai dai yana son naci. Safe da yamma ki jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ko ruwan gishirin asibiti, ki share daga kusurwar ido zuwa ƙasa. Kowane ido da audugarsa. Sannan ki tsane wurin da busasshen tsumma mai laushi, nan ne yawancin mutane ke yin sakaci. In kwantsa ta daskare, kada ki finciko ta. Ki ɗora jiƙaƙƙiyar auduga ta yi laushi, ki taje da ƙaramin mataji. Gashin da ke shiga ido a rage shi da almakashi marar tsini, wani ya riƙe miki kansa, ko ki ɗaure na goshi sama. Dogayen gashin bakin nan masu tauri ki bar su, da su yake gane abin da ke kusa da fuskarsa cikin duhu. Kwanon ruwansa ya zama na silba, a wanke kullum. Gashin da ya riga ya rine ba zai koma fari ba, sai sabo ya tsiro an aske tsohon, abin da kan ɗauki makonni.

An taɓa kawo min wata karya da aka goge wa fuska da ruwan bilicin na wanki. Gashin ya yi fari kam, amma idon hagu wata guda muna jinyarsa. Kada bilicin, tozali, ko maganin ɗigawa na mutane daga kemis su kusanci idonsa. Wasu magungunan ɗigawar suna da sitiroyid, wanda kan mai da ƙaramar ƙujewa ta zama rami.

In kika ga kwantsa ruwan ɗorawa ko koriya, ko yana runtse ido ɗaya, yana sosa shi da ƙafa, ko ƙwayar ta yi hazo, kada ki kwana ba ki kai shi asibiti ba. Ke da kike Jos, ga asibitocin dabbobi a gari, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a kusa.

Tambaya: Likita, hancin karen gadina ya bushe ya tsattsage. In shafa masa man zafi? *Mai gadin gona, Zariya*

Amsa: Malam, kar ka soma. Ƙamshin mantal zai gigita shi, kuma lashewa zai yi. Ka ɗan dangwala man kaɗanya tsantsa, ka wadata shi da ruwa da inuwa. Amma in hancin ya yi kauri kamar ɓawo, ga majina da kwantsa, ga zazzaɓi da ƙin cin abinci, ina zargin distamfa ce, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, musamman in ba a yi masa rigakafi ba. Ka ware shi daga sauran karnuka ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a yau.