Borisin tirela mai ɗakin kwana: amsar oga ga yaronsa

Ka tambaye ni: "Oga, tunda aksul ɗin tirelar nan yana da bakin ɗura giris a tsakiya, me zai hana mu buga masa giris mu sallami mai ita? Dole sai mun kwance tayoyin duka?" Dole ne, kuma zauna ka ji dalili.

Irin wannan tirela ta Amurka, wadda ake kwana a ciki ana janta da mota, ba kamar motar haya take ba. Sai ta yi wata shida a ajiye, nauyinta duka a kan 'ya'yan boris biyu ko uku, raɓa tana taruwa cikin hob, wato cibiyar taya inda boris ke zama. Daga nan a ɗauke ta a yi tafiyar kwana biyu da ita cike da kaya. Tsatsar da ta kama tana ajiye ita ke cinye boris a kan hanya. Shi ya sa kamfanin Dexter, mai ƙera yawancin aksul ɗin nan, ya ce a buɗe a duba duk wata 12 ko mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa. Bakin giris ba ya nuna maka tsatsa. Ramin nasa yana ɓullowa ne tsakanin boris na ciki da oyil-sil, don haka in ka matsa da ƙarfi, ko da bindigar iska, ko taya ba ta juyawa, sai giris ya ture sil ya zube cikin durom ɗin birki. Takalmin birkin da ya sha giris ba ya wankuwa, sai canji, kuma na ɓangare biyu na aksul ɗin za ka canza.

Kafin komai ka datse tayoyin ɗaya gefen, ka sassauta notin taya tana ƙasa. Jak a ƙarƙashin shasi yake zama, kada ka kuskura ka ɗora shi a bututun aksul, don bututu ne mara kauri, yana lotsawa, tayar kuma ta riƙa cin gefe har abada. Sa matokara. Kafin ka cire taya, juya ta ka saurara, sannan ka kama sama da ƙasa ka girgiza. Gurnani ko ƙas-ƙas ya riga ya ba ka rabin labari.

Cire hular ƙura, miƙe kota-fin ka zare. Wasu aksul ɗin ba su da fin, washa ce mai kunne ko ɗan keji da ke riƙe noti. Kwance noti, jawo durom kaɗan ka mayar, boris na waje da washarsa za su leƙo ka tare da hannu. In durom ya ƙi fita, sassauta ajostan birki ta baya, kada ka doke shi. Kifa durom ɗin, ɓanɓare sil, ka ciro boris na ciki. Tsohon sil shara ne ko da ya yi kyau a ido. Kayan kowace taya a mazubinta daban, domin kowane boris ya saba da kofinsa, wato zoben ƙarfen da 'ya'yansa ke gudu a ciki.

Wanke da kananzir har ka ga ƙarfe fes, ka bushe da tsumma mara gashi. In da iska ka busar, riƙe 'ya'yan kada su juya; boris busasshe da ke gudu da iska yana karcewa, yana ma iya tarwatsewa a hannunka. Yanzu sai duba, kuma a nan ake gane makaniki. Kai shi haske, juya kowane ɗa ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ramuka kamar zanzana, ƙarfe ya gaji. Launin shuɗi ko na ƙasa-ƙasa, ya ƙone, taurinsa ya tafi. Layuka a jere cikin kofi daidai tazarar 'ya'yan, wannan aikin dogon zama ne da ruwa. Kejin da ya lanƙwashe ko ya tsage ma haka. Ko ɗaya ka gani daga ciki, canza, kuma boris da kofinsa tare. Sabon boris a tsohon kofi asarar kuɗin mai tirela ce, ba ya daɗewa. Shafa farce a sandar aksul inda leɓen sil ke zama. In akwai kwari, sabon sil ma zai yi yoyo.

Kada ka sayi boris da ido, lambar jikinsa za ka karanta. Aksul mai ɗaukar fam 3,500 yawanci L68149 ne a ciki da kofi L68111, L44649 a waje da kofi L44610. Manya masu fam 5,200 zuwa 7,000 na cikinsu 25580 ne, na waje kuwa ya bambanta, don haka duba naka.

Tsohon kofi da fanci na tagulla ake fitar da shi, ana bugun nan ana bugun can don ya fita a miƙe. Sabon kuma ka shigar da shi daidai, faɗin bakinsa yana kallon inda boris zai shigo, har ƙarar guduma ta sauya ta yi tauri. Kofin da bai zauna ba zai zauna a hanya, noti ya saki.

Giris mai lamba 2, na litiyam mai jure zafi. Kada ka haɗa iri biyu, wani in ya gamu da wani narkewa yake ya tsiyaye. Zuba a tafin hannu, ka riƙa danna faffaɗan gefen boris a kai har giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan, ka zagaye duka. Shafe a waje kawai ba cikawa ba ce. Shafa wa kofi, sa na ciki, sa sabon sil leɓensa yana kallon giris, ka buga shi da guntun katako har ya yi daidai da bakin hob, ka ɗan shafa wa leɓen giris. Goge cikin durom tas kafin ka mayar.

Ɗaurin noti shi ne ainihin aikin, kuma nan yara suka fi ɓata shi. Kana juya hob a hankali, ɗaure da sifana mai awo zuwa kusan fam-ƙafa 50 (ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wajen Nm 68, don komai ya zauna. Tsayar da hob, kada ya ƙara motsi, ka sassauta notin gaba ɗaya. Ɗaure da yatsu kawai har ya taɓa. Sannan ka koma baya kaɗan zuwa tsagar farko da ta yi daidai da ramin fin. Baya, ba gaba ba. Ƙarfe yana kumbura in ya yi zafi, saboda haka boris mai siffar mazurari yana son ɗan wasa siriri, kamar kaurin takarda ko ƙasa da haka. In ka matse, giris ya tsere daga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, zafi ya tashi, boris ya narke ya manne da sanda. In ka sake da yawa, taya ta yi rawa ta cinye sil. Sa sabon kota-fin, ka tabbata noti yana ɗan motsi a bayansa. (Aksul mai rufaffen boris irin Nev-R-Lube ba a yi masa wannan ɗauri, ba a kuma cika shi da giris, nasa tsarin daban.)

Mayar da hula da taya, gyara ajostan birki har takalmi ya riƙa ɗan gogar durom. Notin taya a ɗaure shi tsallake-tsallake da sifana mai awo. Ƙusa mai rabin inci yawanci fam-ƙafa 90 zuwa 120 take so, amma bi abin da ke takardar tirelar. Gaya wa mai ita ya sake ɗaurewa bayan mil 10, 25 da 50.

Sai ku ja ta kilomita 15 ko 20, ku tsaya ba tare da yawan taka birki ba, ka kai bayan hannu kusa da kowane hob. Ɗumi ba laifi. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi sosai, ɗaga shi nan take: ko noti ya matse, ko birki yana riƙewa.