Ƙaunar Allah da kuɗin sakawa

Ɗan'uwa, ka ce kana ƙaunar Yesu, amma abokanka a unguwar Nima ta Accra suna jan ka zuwa sakawa, wato damfarar mutane ta intanet, kana tambaya ko ba laifi muddin kana fitar da ushiri. Gaskiya akwai laifi. Zabura 97:10 ta ce masu ƙaunar Ubangiji su ƙi mugunta.

Ka tuna tsohuwar nan a Amurka, hannunta na rawa tana danna waya, tana turo maka kuɗin maganinta. Ita ma Allah ne ya halicce ta. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, cewa ya yi zai mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu.

Na san talauci na cizo, ni ma na yi dako a kasuwar Makola. Ka canja layinka yau, ranar Lahadi ka faɗa wa fasto komai.