Ba ginin kaɗai suke wa kuka ba

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa masu kallon The Price Is Right, shirin talabijin na Amurka da ake gasar cankar farashin kaya, suka yi ta tada jijiyar wuya don an sauya wa shirin ɗakin ɗauka, alhali wasan yana nan yadda yake. Na fara kallonsa tun zamanin Bob Barker, tsohon mai gabatar da shirin, ina ɗalibi a Amurka, duk ranar da ba ni da aji ƙarfe 11 na safe a gaban talabijin take samuna. To bari in faɗa maka abin da na gani.

Tun 1972 ake ɗaukar shirin a ɗaki mai lamba 33 na Television City da ke Los Angeles, bai gusa ba sai 2023. Shekara 51 ke nan. A 1998 ma aka raɗa wa ɗakin sunan Barker. Tashin kuwa ba don marmari ba ne: CBS, tashar da ke nuna shirin, ta sayar da wurin ga kamfanin Hackman Capital Partners kan dala miliyan 750, sababbin masu gida suka ce za su yi gyara, dole aka tattara zuwa Haven Studios a Glendale.

Sau ɗaya na taɓa shiga tsohon ɗakin. Na bi layi tun da sassafe, aka manna mini takardar suna mai ruwan ɗorawa a ƙirji, aka yi mana 'yan tambayoyi don a zaɓi masu kuzari da za a kira su shiga wasan. Ba a kira ni ba, kuma na san dalili, bakina ya mutu da aka zo kaina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin. Mutum ɗari uku ne ko kusa da haka, kafaɗa na gugar kafaɗa, ihu kuwa har ba ka jin sunan da aka kira. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce mini mahaifiyarta ta taɓa zama a wannan ɗaki tun ita tana yarinya. Irin waɗannan mutane ne kake gani suna ƙorafi, ba wai sun rasa abin yi ba.

Sannan ga abin da mutane ke mantawa. Barker ya rasu ranar 26 ga Agusta 2023 yana da shekara 99, wata guda kafin a fara nuna shirye-shiryen sabon wuri. A damina ɗaya aka rasa mutumin, aka kuma bar ɗakin da ke ɗauke da sunansa. A ganina rabin masu cewa fitilu sun yi yawa ko sauti ya canza, makoki suke yi ba su sani ba.

Amma fa ban bi su duka ba. Haka aka yi ta surutu a 2007 da Drew Carey ya karɓi gabatar da shirin daga hannun Barker, wasu suka rantse sun daina kallo, ga shi har yau suna nan suna ƙirga kurakuransa. Babban faifan lambobi da 'yan wasa ke juyawa yana nan, wasan Plinko da ake sakin ɗan faifai ya gangaro kan allo shi ma yana nan. Ni kaina makon farko na yi ta leƙen kusurwoyi ina neman aibu. Uwargida kuwa, da muke kallo tare, sai da na gaya mata an tashi, ta ce ita ta ɗauka fenti kawai aka sake.